Daminar da Ɗan Farina Ya Shiga Aji Ɗaya

Ruwan bana ya ƙi tafiya. Ga shi har an koma makaranta, gero ya isa yanka, amma kullum la'asar sai gabas ta haɗe a kwashe shanya da gudu. Ni kuwa gwiwoyina sun riga kowa sanin hadari. Jiya ina zaune a baranda nan gidanmu na Kazaure, na miƙe ƙafafu ina sauraron 'yan adaidaita suna kokawa da taɓo a bakin layi, sai Husna ta zo ta dire mini jakar makaranta a cinya.

"Iya, malama ta ce kullum a biya mini karatu a gida."

"Malamar ni ta ce in biya miki, ko uwarki?"

"Ta ce duk wanda yake nan."

To, ni ce nake nan. Husna jikata ce, bana ta shiga aji ɗaya. Uwarta aikin asibiti take yi, ba ta dawowa sai dab da magariba, uban kuwa ba a maganarsa. Don haka tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai gilashin da aka ɗaure wa ƙafa da zare, ita ce malamar gida. Muka buɗe littafin, mai hotuna ja da kore, tana bin baƙi da yatsa, ɗaya hannun yana cikin robar taliyar da ta rago daga makaranta. Ba mu yi nisa ba uwar ta shigo jiƙe sharkaf, tun daga ƙofa tana kira, "Husna, ina Husnata?" Yarinya ta watsar da ni ta faɗa jikinta, ita kuma ta ɗaga ta sama tana juyi da ita. 'Yar fari ce fa. Tun da aka haife ta nake ganin haka, kuma har yau sai in ji kaina ya sunkuya da kansa. Ban ce laifi ba ne. Ni dai ba haka na tarar ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ya biyo uwar cikin gida shi ya ɗauke ni ya mai da ni wata damina wadda ko yanzu na tuna ta sai in ji gajiyarta a ƙashin bayana.

Uban Husna shi ne ɗan farina. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, ko a nan. Gidan da na yi aure, wani ɗan ƙauye bayan duwatsu wajen Gwiwa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa wasa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya faɗi ya fasa baki, kau da kai za ta yi wani ya ɗaga shi. Kunya ke nan, kuma macen da ba ta da ita ta zama abin zunɗe har bakin rijiya. Dangin maigidana suna da jinin Fulani, tasu kunyar ta fi ta kowa tsanani. Ranar da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin Inna, uwar mijina, can yake ci can yake kwana. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Adda yake ce mini, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. In dole ta kama in ambace shi, sai in ce yaron nan, ko na wajen Inna.

Shekarar da ya isa shiga makaranta damina ta yi mana wasa da hankali. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, ta fito gwanin sha'awa. Sai sama ta ɗauke. Kullum rana ta fito fes, ganyen gero ya nannaɗe, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta da azahar sai da takalmi. Aka fita roƙon ruwa aka dawo, aka sake fita. Shukar gonakin tudu ta ƙone ƙurmus, aka sake wata da hatsin da ya kamata mu ci. Da ruwan ya tashi dawowa kuma, sai ya dawo da fushi. Marka ta sauka ba ji ba gani, katanga ta jiƙe har tana gumi daga ciki, tufafi ba sa bushewa, komai na ɗaki warin danshi yake. Lokacin da a sauran shekaru yara ke yawo da tumu a hannu, wato sabon geron da ake gasawa a wuta, mu namu geron ko kai bai fitar ba, rumbu kuwa an share shi har ƙasa.

Malam, maigidana, ya ga zama ba zai yi ba. Ya bar gona a hannun yayansa, wanda yara ke kira Baffa, ya tafi Babura yin dako a kasuwar hatsi. Wani lokaci ya aiko da ɗan garin rogo ko masara, wani lokaci gaisuwa ce kawai take isowa. Amma kafin ya tafi sai da ya kama hannun yaron nan ya kai shi makarantar boko da ke babban ƙauye, hayin rafi. Ni ban je ba, ban kuma tambaya ba. A bakin Inna na tsinci labarin tana ba wata maƙwabciya. Wai hedimasta ya ce ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa, don da haka ake gane wanda ya isa. Hannun ya ƙi kaiwa, sai yaron ya karkatar da kai ya kawo kunnen wajen yatsu. Hedimasta ya yi dariya ya rubuta shi. Ina surfe na ji wannan, na ci gaba da surfena.

Ga yadda kwanakin suke tafiya. Da asuba in ɗauki kasko in je gidan Baffa ɗebo wuta, don ashana ta zama abin adanawa. In dawo in yi ta fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika mini ido, Hansatu tana bayana tana tari. Hansatu ita ce 'yata ta biyu, a lokacin tana goye. In dama kunu tsararo, wanda in ka leƙa kana ganin gindin ƙwarya, in ajiye a ƙofar ɗakin Inna in juya. Yaron nan ya sha, Inna ta lanƙwasa masa buhun taki ta kifa masa a ka saboda ruwa, ya rungumi allonsa. Ba allon Muhammadiyya ba, wani guntun katako ne da ubansa ya shafe da baƙin tsohon batir don alli ya kama. Ta cikin zana nake hango shi yana bin burtali, buhun ya kusa kai masa dunduniya, har ya sha kwanar dutse.

Da hantsi matan gidajenmu uku mu fita neman ganye. Tafasa, rama, yaɗiya, duk abin da akuya ta ci ba ta mutu ba. Da farko a bayan gida muke tsinka, daga baya sai mun kai gindin duwatsu, don ba mu kaɗai ke nema ba. Mun haɗa tukunya a lokacin, kowa ya kawo abin da ya samu, mai gishiri ta kawo gishiri, mai ɗan ƙuli-ƙuli ta daka a barbaɗa. Maza suna can suna gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, gayyar da ba fura ba tuwo, sai ruwa da sannu da aiki. Tafasa ta shiga jikinmu har guminmu warinta yake. Bakina kullum ɗaci. In na tashi daga kan dutsen niƙa sai na dafa bango jiri ya wuce. Hansatu ta kama nono ta ja ta ja, ta saki ta dube ni, ta sake kamawa.

Yanzu in na ga Husna ta dawo da rabin abincinta ta ce ta ƙoshi, nakan karɓa in rufe, in an jima in cinye.

Bayan azahar yaron nan ya dawo, ƙafafu taɓo har gwiwa, idanu sun faɗa. Ya ci kwaɗon da aka ajiye masa, ya zauna a ƙofar ɗakin Inna ya fara karatu, don malaminsu ya ce kowa ya sami mai biya masa a gida. Inna, Allah ya jiƙanta, ta san abubuwa da yawa, amma baƙin boko a wajenta da tafiyar tsutsa duk ɗaya ne. Duk abin da ya faɗa sai ta ce, "Madalla, angona. Ƙara wani." Ya karanta daidai, madalla. Ya karanta a karkace, madalla. Ni kuwa na yi boko a garinmu har aji biyar. Duk gidajen nan uku, in aka cire Malam da ba ya nan, ni kaɗai na san abin da ke kan allon nan. Ina madafi ina jin yana kiran wannan baƙi da sunan wancan, abin yana yi mini kamar tsakuwa a cikin tuwo.

Na daure, na daure. Ran nan dai ina gyaran tafasa, na juya masa kafaɗa, na ɗan karkato ido na ga allon. Sai na jijjiga goyona na ce, "Ke Hansatu, gaya wa mutanen ƙofar can, mai ciki a gaba daban, mai ciki a baya daban. Wannan da suka rubuta na 'doki' ne, ba na 'baki' ba."

Inna tana kaɗi, mazarinta bai tsaya ba. Can sai na ji an goge allo da tafin hannu, alli ya yi ƙara. Aka jima yaron ya ce, "Hansatu, ki ce wa Adda na gyara."

Hansatu tana barci, miyau yana zuba a bayana.

Haka muka buɗe makaranta, mu uku, ɗaya ba ta san ana yi ba. Kullum bayan la'asar in ba ruwa, ya zauna ya juyo da fuskar allon waje, ni kuma in sami aikin da zai zaunar da ni kusa da murhu. In ce Hansatu ta ce a sake, ya ce Hansatu ta ce an sake. Wata rana ya yi kuskure ɗaya har na gaji, na ce, "Hansatu, tambaye su ko kan nasu na kabewa ne." Ya ce, "Hansatu, ki ce yunwa nake ji." Ranar a nan karatu ya tsaya. Inna ba ta taɓa tanka mana ba, ko da wasa. Matan gidan Baffa sun ji, sun yi 'yar dariyarsu a bakin rijiya, amma ba wadda ta iya cewa na yi rashin kunya, tunda da goyona nake magana.

Ba zan ce ina jin daɗin abin ba. Na gaji. Wata ran baƙaƙen rawa suke yi mini a ido, in ji da ma a ce ruwa ya sauko in huta. Amma ya fara haɗa baƙi da wasali, ya fara karanta 'yan kalmomi yana jan su kamar mai jan guga, kuma in ya samo ɗaya sai ya ɗago kai ya dubi bayan wuyana. Ina jin idon ko ban juya ba.

Sai marka ta kayar da bangon aji guda a makarantar. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Aka gwamutsa yara a ɗakin da ya rage, har wasu suna zaune a kan taga. Hedimasta ya ga ba yadda zai yi, ya ce 'yan aji ɗaya sun yi yawa, ƙananan su koma gida sai baɗi. Yadda za a tace kuwa, ranar Litinin kowa ya rubuta sunansa a allo da hannunsa. Wanda ya iya ya zauna, wanda ya kasa ya tafi. Malaminsu, wani siririn mutum ɗan Roni, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ranar Juma'a ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya ya rubuta wa kowa sunansa a saman allo, ya ce su je su yi ta kwaikwaya. A hanyar dawowa ruwa ya kama su a rafi. Yaron nan ya iso gida da allo wankakke tas, ko ɗigon alli babu. Ya tsaya a tsakar gida, buhu na ɗiga, ya gaya wa Inna yana shessheƙa. Ni ina ɗaki ina ji.

Da yamma Baffa ya shigo gai da Inna, ya ji labari. Baffa ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Shi ke noma gonarmu tare da tasa a shekarar, ƙafafunsa duk sun tsattsage. Ya zauna a kan turmi ya jawo yaron ya kewaye damtsensa da yatsu biyu.

"Inna, dubi nan. Wannan ne zai yi ta ƙetare rafi da ruwan kunu a ciki? In sun koro shi kada a damu. Ya dawo wajena ya riƙe mini shanun huɗa da tumakin nan. Ko ba komai saniyata ta haihu, zai sha nono ya ƙoshi."

Inna ta ce, "Ubansa ne ya sa shi."

"Ubansa yana Babura, Inna. Ni nake nan. In baɗi ta yi kyau sai a gani." Ya ɗaga murya wajen ɗakina. "Amarya, ko kina da magana?"

Haka manya suke kirana a gidan har na tsufa. Na fito na durƙusa a bakin ƙofa. Ya san ba ni da bakin magana a kan ɗan fari, ni ma na san ya sani. Na ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne, Baffa."

Na koma ɗaki raina yana tafasa. Haushin Baffa nake ji, da haushin Malam da ya tafi, da haushin ruwa, da haushin kaina da na durƙusa. Na san baɗin nan. Yaron da ya fara bin shanu ba ya komawa aji. Baɗi za a ce wa zai riƙe su, baɗin baɗi a ce ya yi girma da zama cikin yara. Ƙanena haka aka yi masa, da idona na gani. Kuma wallahi, duk da haka, wani gefe na zuciyata cewa yake a bar shi ya je ya sha nonon. Na ga damtsen nan ni ma. Uwar da ba ta kallon ɗanta ta fi kowa ganinsa.

Neman wanda zai rubuta masa a wani gida kuwa, ba ta taso ba. Masu iyawa suna hayin rafi, rafi ya cika. Baffa ba zai nema ba, Inna ba ta ƙetarewa, ni kuma in aka ji ina yawon neman taimako a kan yaron nan, gara a ce na kira sunan nasa a kasuwa.

Ranar Asabar muka gwada ta hanyarmu. Na ce, "Hansatu, gaya musu su faɗi sunan a hankali, su saurari abin da ke fitowa da farko." Ya faɗa, ya rubuta na farkon. Daga nan ya cije. Sunan yana da tsawo, kuma akwai baƙaƙen da ba su kai kansu ba a makaranta. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, har allin ya koma kamar ƙwayar gero. Ya ce, "Hansatu, ki tambayi Adda me ke biye." In na jero baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ai na faɗi sunan ke nan, ko da Hansatu nake magana ko da turmi. Ga Inna zaune tana kaɗi. Ba don tsoronta kaɗai na kasa ba. Abin da mutum ya shekara da shekaru yana haɗiyewa ba ya fitowa don an so. Na tashi na ce wuta ta mutu. Ya zauna da allo a cinya har aka kira magariba.

Lahadi aka tashi da ruwa, bai ɗauke ba sai hantsi. Ba mu fita ganye ba, ragowar jiya muka ɗumama. Ina zaune a bakin madafi, jikina duk ya mutu, sai na ga Inna ta ɗauki tsintsiya. Ita da ta daina shara tun zuwana gidan. Na yunƙura in karɓa, ta ce in bari. Ta share wajen da ruwan indararo ke tara rairayi, ta bi shi da bayan tsintsiya har ya kwanta sumul. Ta jingine tsintsiyar, ta yafa mayafi, ta zo ta tsaya a kaina.

"Kwanto mini yarinyar nan."

"Inna, tana da nauyi."

"Na goyi ubanta, ya fi ta nauyi. Zan je gidan Baffanku, na ji matarsa ta kwana da zazzaɓi. Ƙafafun nan ba sa sauri, kada ku sa ido kafin la'asar." Ta ɗaure goyon, ta juya wajen jikanta. "Kai kuma angona, zauna ka tsare mini kaji."

Kaza ɗaya ta rage mana a lokacin, ita ma tana kwance a kan ƙwai. Inna ta fita ta jawo ƙyaure ta rufe.

Gidan ya rage daga ni sai shi. Ban taɓa zama da shi mu biyu ba tun da aka yaye shi. Bayana ya yi sakayau ba goyo, iska tana shiga inda Hansatu ta saba kwanciya. Na ɗauki tukunya na wanke, tukunyar da na riga na wanke. Na gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Shi yana ƙofar ɗakin Inna ya haɗa kai da gwiwa, allo a gefe. Ruwa yana ɗiga daga bakin indararo, ban da shi ba a jin komai.

Na zaro kara daga zana, na karya shi, na je na tsuguna a bakin rairayin. Rabona da rubutu tun ina budurwa. Na ja baƙin farko, ƙasar ta karɓa, danshi ya sa ya fito sarai. Na ja na biyu. Na rubuta shi duka, manya-manya, tun daga farko har ƙarshe, ban ɗaga kai ba.

Na ji tafiyarsa. Ya zo ya tsuguna a gabana, ya ga rubutun a kife yake daga wajensa, sai ya zagayo ya dawo gefena. Ya sa yatsa a ƙarƙashin baƙin farko ya fara ja, a hankali, yadda muka saba. Ya haɗa gaɓar farko. Ya tsaya a kan wanda bai sani ba, ya tsallake, ya kama na gaba. Ya koma baya ya sake. Sai na ji muryarsa ta sauya, ya faɗi sunan gaba ɗaya.

Ya ɗago ya dube ni, ba bayan wuyana ba, cikin idona.

"Adda, ashe kin san sunana?"

Ba da wasa ya tambaya ba. Mamaki ne a fuskarsa, irin na wanda ya tsinci abu a hanya. Duk shekarun nan yaron nan yana zaune a gida ɗaya da ni, yana shan kunun da na dama, yana zaton ban san yadda ake kiransa ba. Na kai hannu baya in jijjiga Hansatu, hannuna ya taɓa zane.

Na ce, "Na sani. Tun kana da kwana bakwai na sani." Na miƙa masa karan. "Rubuta a ƙasan nawa."

Ya karɓa. Ya rubuta, ya karkace, na shafe da tafin hannu. Ya sake. Wanda ya gagare shi na kama hannunsa na ja tare da shi, hannun sanyi ƙalau, ba nauyi. Muka cika rairayin muka shafe, muka sake cikawa. Daga baya na shafe nawa na ce ya yi da ka. Gwiwarsa tana jingine da tawa, ban janye ba. Muna nan har inuwa ta juya, har muka ji tarin Inna daga nesa, tarin da ta fara tun daga burtali, ita da ba mura take yi ba. Kafin ta turo ƙyaure na koma madafi.

Ranar Litinin muka fita ganye gindin duwatsu, inda ake hango hanyar rafi. Da hantsi ya yi sai ga ƙananan yara suna dawowa, buhu a ka, waɗanda aka sallama. Daga nesa duk buhu ɗaya ne. Na sunkuya ina tsinkar tafasa, ina kallonsu ta ƙarƙashin hannuna har suka wuce. Wata daga cikin matan ta ce, "Ban ga na wajen Inna ba." Na ce ban lura ba. Na zauna a kan dutse na ce jiri ne.

Bayan azahar ya shigo gida, taɓo har gwiwa, ya rungume allo a ƙarƙashin buhu, fuskar allon tana manne da cikinsa. Inna tana zaune a ƙofarta ta miƙo hannu yadda ta saba. Ya wuce ta. Ya zo har bakin murhu ya ajiye allon a gabana, sunan yana nan a sama da rubutunsa mai karkata, malaminsu ya ja masa alamar daidai a gefe. Ya tsaya yana jira.

Inna ta mai da hannunta cinya. Ta dubi sama ta ce da alama yau ma za a yi ruwa, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki asabari.